Makro ɗin duba sifelin a fom ɗin Word da aka kulle: me ya sa yake goge abin da aka cike?

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in maimaita matsalar yadda na fahimce ta don kada mu yi ta magana a kan abu biyu daban. Ka haɗa fom a Word na rahoton da ma'aikatanku ke cikewa duk wata, ka sa gurabe masu launin toka ɗin nan, ka kulle shi ta Restrict Editing ka zaɓi Filling in forms saboda kada kowa ya taɓa rubutun da ba nasa ba, sai kawai ka ga maɓallin duba sifelin ya dushe baya dannuwa, F7, wato gajeriyar hanyar duba sifelin, ma shiru. Ka samo wani makro a intanet, wato ɗan kod da ke sa Word ya yi wani aiki da kansa, ka liƙa, toh yanzu kuma abin ya rarrabu: wani lokaci yana gama aiki sai duk abin da aka cike ya ɓace fom ya dawo fayau, wani lokaci ya ce maka ya gama dubawa alhali ga kuskure nan ƙuru-ƙuru a gabanka, a kwamfutar abokin aikinka kuwa ko motsi ba ya yi.

Farko dai ka kwantar da hankalinka, Word ɗinka bai lalace ba, haka aka gina shi tun zamanin Word 97 har zuwa yau. Da zarar ka kulle takarda a matsayin fom, Word yana kashe umarnin duba sifelin gaba ɗaya, saboda akwatin gyaran kalma yana iya canza rubutu a ko'ina cikin takardar, shi kuma kullen manufarsa kenan hana hakan. Sannan akwai abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, su waɗannan gurabe masu launin toka, tsohon salon gurbin fom na Word da zan riƙa kira tsofaffin gurabe, da kansu suna zuwa ne da alamar "kada a duba" a jikinsu, wato ko ka cire kullen da hannunka ka danna F7 sai Word ya tsallake su. Kaga kenan makro ɗin ba wani sihiri yake yi ba, abu uku ne kawai: ya buɗe kulle, ya sa a duba, ya mayar da kulle. Kamar yaron shago ne da ka ba shi makulli ka ce ya buɗe ya share ya rufe, duk ɓarnar da za ka gani ko dai wajen buɗewa ne, ko lokacin da ƙofar take buɗe, ko wajen rufewa, kuma alamomin nan naka kowanne da inda yake zaune.

Kafin ka taɓa komai ka yi kwafin fayil ɗin ka yi gwajinka a kan kwafin. Sai ka danna Alt da F11 ka shiga inda ake rubuta kod, ka danna Ctrl da G, wata 'yar taga za ta buɗe a ƙasa, ka rubuta wannan ka danna Enter:

?ActiveDocument.FormFields.Count

Idan ya ba ka 0 alhali kana ganin gurabe a fom ɗin, toh ba tsofaffin gurabe ne da kai ba, wasu irin gurabe ne daban da ake kira Content Control ko ActiveX, kuma makro ɗin da ka kwaso yana zagaye ne a kan babu, sai mu canza magana. Idan ya ba ka 15 ko 30 ko dai nawa ne adadin gurabenka, muna kan hanya. A nan ɗin dai ka sake rubuta ?ActiveDocument.ProtectionType ka gani, 2 shi ne kullen fom, 3 na karatu kawai ne, -1 yana nufin babu kulle sam.

Yanzu gogewar, wadda na san ita ta fi ƙona maka rai. Ka duba layin ƙarshe na makro ɗin inda aka rubuta Protect. Kusan na tabbata abin da ke wurin shi ne ActiveDocument.Protect Type:=wdAllowOnlyFormFields shikenan babu ƙari. Idan aka kulle fom ta kod ba a ce masa komai ba, Word yana ɗauka sabon fom ake shiryawa don rabawa, sai ya mayar da kowane gurbi zuwa asalinsa, wanda aka bari babu komai ya koma babu komai, akwatin da aka yi wa tik ya koma yadda aka tsara shi, jerin zaɓi ya koma na farko. Maganin kalma biyu ne, ka ƙara NoReset:=True a layin. Wallahi yawancin kukan "makro ya cinye min aiki" a nan yake ƙarewa. Ka kuma bincika ko akwai ResetFormFields ko Fields.Update a wani wuri cikin kod ɗin, don wasu suna liƙa su da sunan wai sabunta lissafi, su ma suna iya share gurabe lokacin da takardar take buɗe, in ka gan su ka cire.

Ta biyun ita ce ta fi wahalar kamawa saboda babu eror, Word cikin ladabi zai ce ya gama alhali bai duba komai ba, kuma dalilanta sun fi ɗaya. Na farko alamar "kada a duba" ɗin nan da na faɗa, dole makro ya sa NoProofing = False a kan gurbin kuma ya ba shi harshe da LanguageID, kuma ka bar shi ya riƙa yi duk lokacin da aka kira shi, kada ka ce ai na yi sau ɗaya da hannu. Na biyu Word yana riƙe a ransa cewa ya riga ya duba wannan takardar, in ba ka ce masa SpellingChecked = False ba sai ya ga babu dalilin maimaitawa. Idan kuma wani ya taɓa danna Ignore All a kan kalma, Application.ResetIgnoreAll ne ke wanke wannan.

Na uku kuma, wanda a wurinmu nan shi na fi zargi, manyan baƙaƙe. Mu fa an raine mu a kan cewa fom da manyan baƙaƙe ake cike shi, daga na banki har na jarrabawa, saboda haka ma'aikaci yana zama gaban fom zai danna Caps Lock ya yi ta zubawa har ƙarshe. Shi kuma Word daga masana'anta yake zuwa da tik a kan Ignore words in UPPERCASE a ƙarƙashin File, Options, Proofing, domin kada ya riƙa ja wa gajerun sunaye irin su NYSC da WAEC jan layi. Sakamakon haka duk sakin layin da aka rubuta da manyan baƙaƙe Word ko kallonsa ba zai yi ba, komai yawan kuskuren da ke ciki, kuma zai ce maka an gama lafiya lau. Abin da ya ƙara dagula shi, kai mai haɗa fom ɗin ma kana iya jawo wannan da kanka ba tare da ma'aikacin ya danna komai ba, idan a setin gurbin ka zaɓi Uppercase a wajen Text format, domin yana fita daga gurbin Word zai mayar da rubutun manyan baƙaƙe. Ka gwada yanzu, ka rubuta kalma ɗaya da kuskure da ƙananan baƙaƙe a gurbi ɗaya, ka rubuta ita dai da manya a wani, ka kira makro, in ya kama ta farko ya bar ta biyu ka samu ɓarawonka.

Sai harshe. wdEnglishUS lambarsa 1033, wdEnglishUK 2057, Faransanci na Faransa 1036 ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cike takardu da shi, Hausa ma tana da tata 1128. Makro ɗin da ake samu a intanet kusan duka na Amurka ne ke ciki, mu kuma rubutun ofis da makaranta a Najeriya salon Ingila muke bi, sai ka ga yana ja wa programme da centre da labour layi suna daidai. Amma ba lambar kaɗai ba ce, sai kamus ɗin wannan harshen yana cikin kwamfutar, ka leƙa File, Options, Language ka gani ko an rubuta an girka kayan dubawa a gaban harshen, in babu toh babu abin da zai duba da shi.

Akwai kuma wani salo da nake gani a sababbin makro, maimakon CheckSpelling sai a rubuta CommandBars.ExecuteMso "SpellingAndGrammar" wai ai daidai yake da danna maɓallin. Tun daga Word 2013 wannan maɓallin ba akwati yake buɗewa a tsakiyar sikirin ba, wani shafi yake buɗewa a gefe, kuma kod ba ya tsayawa jiran shafin gefe, sai ya wuce layi na gaba ya mayar da kulle kafin mutum ya gyara ko kalma ɗaya. CheckSpelling shi ne ke buɗe tsohon akwatin da ke tsayar da kod har sai an rufe shi, shi za ka riƙe.

Ga yadda ni nake rubuta shi, ka goge wancan ka sa wannan a cikin Module, wato shafin da kod ke zama a tagar kod:

Sub DubaSifelinFom()
    Const SIRRI As String = ""
    Dim doc As Document
    Dim ff As FormField
    Dim i As Long, adadi As Long, lamba As Long
    Dim bayani As String
    Dim tsohonSetin As Boolean

    Set doc = ActiveDocument
    tsohonSetin = Options.IgnoreUppercase
    On Error GoTo Kulle

    If doc.ProtectionType <> wdNoProtection Then doc.Unprotect Password:=SIRRI
    Options.IgnoreUppercase = False
    doc.SpellingChecked = False
    adadi = doc.FormFields.Count

    For i = 1 To adadi
        Set ff = doc.FormFields(i)
        If ff.Type = wdFieldFormTextInput Then
            If ff.Enabled And ff.TextInput.Type = wdRegularText Then
                ff.Range.LanguageID = wdEnglishUK
                ff.Range.NoProofing = False
                If ff.Range.SpellingErrors.Count > 0 Then
                    ff.Range.CheckSpelling IgnoreUppercase:=False
                End If
            End If
        End If
        If doc.FormFields.Count < adadi Then
            Do While doc.FormFields.Count < adadi
                If Not doc.Undo(1) Then Exit Do
            Loop
            MsgBox "A gyara gurbi na " & i & " da hannu."
        End If
    Next i

Kulle:
    lamba = Err.Number
    bayani = Err.Description
    Options.IgnoreUppercase = tsohonSetin
    If doc.ProtectionType = wdNoProtection Then
        doc.Protect Type:=wdAllowOnlyFormFields, NoReset:=True, Password:=SIRRI
    End If
    If lamba <> 0 Then MsgBox lamba & ": " & bayani
End Sub

Za ka lura ban sa Selection.WholeStory ba, wanda shi ne a cikin kusan duk makro ɗin da ke yawo. Da gangan na bar shi. WholeStory yana zaɓar takardar duka, har da sunan ma'aikatarku da kanun tambayoyi da sharuɗɗan da ke ƙasa, kuma a wannan lokacin kulle a buɗe yake, saboda haka akwatin zai tsaya a kan sunan ƙaramar hukuma ko sunan shugaban sashe ya kawo wata kalmar Turanci da ba ta da alaƙa da shi, mai cike fom da ke sauri ya danna Change ko ma Change All, shikenan an canza rubutun da ka kulle takardar dominsa, kuma makro ya mayar da kulle a kai kamar ba a yi komai ba. Bin gurabe ɗaya bayan ɗaya ya fi tsawo a rubuce amma iya abin da mutum ya cike kawai ake taɓawa. Sharaɗin wdRegularText kuma yana tsallake gurbin kwanan wata da na lamba da na lissafi, waɗanda babu abin dubawa a cikinsu.

In ka ga dama ka ƙara matse shi. Gurbin suna da na gari babu amfanin kai su gaban kamus ɗin Turanci, Abdullahi da Funtuwa da Dutsin-Ma duk kuskure zai kira su, kuma mutum in aka dame shi da tambaya goma marasa ma'ana ta goma sha ɗaya mai ma'anar ma Ignore zai danna. Abin da nake yi shi ne in raɗa wa gurabe masu dogon bayani suna da ya fara da wani abu guda, misali Bayani1, Bayani2, a wajen Bookmark cikin setin gurbin, sannan in ƙara sharaɗin Left(ff.Name, 6) = "Bayani". Sai dai ka kula, gurbin da ka yi kwafi ka liƙa yakan zo ba shi da suna, sai ka buɗe setinsa ka ba shi, kuma wannan ne ma ya sa masu kiran gurbi da suna kai tsaye irin FormFields("Text5") suke cin karo da eror 5941, cewa abin da ake nema babu shi a jerin.

Layin On Error GoTo Kulle kada ka raina shi. In babu shi kuma kod ya faɗi a tsakiya, mutum zai ga akwatin End da Debug, zai danna End, takardar ta zauna a buɗe babu kulle, ya ci gaba da rubutu, kuma rubutu a kan gurbi a takardar da ba a kulle ba goge gurbin yake yi ya maye shi da rubutu na yau da kullum. Wasu kuma sai su sa On Error Resume Next a sama don eror ya daina fitowa, wannan ya fi muni, don matsalar tana nan ka dai rufe mata baki ne. Lambobin da za ka fi gani ba su da yawa: 5485 kalmar sirri ba daidai ba, 4605 ka nemi abin da ba ya yiwuwa a halin da takardar take ciki, kamar buɗe wadda take buɗe ko kulle wadda take kulle, 6124 kana son gyara wurin da ke kulle, wanda ke nuna Unprotect bai yi aiki ba ko an tsallake shi. Lokacin gwaji ka sa alamar ' a gaban layin On Error ɗin na ɗan lokaci, ka riƙa danna F8 kana bin kod layi-layi, inda ya yi rawaya ya tsaya nan ne ciwon.

Wancan ɓangaren mai Undo kuma na wata matsala ce da ba ka faɗa ba amma za ka haɗu da ita. Idan abin da ke cikin gurbi kalma ɗaya ce tak kuma ita ce mai kuskuren, ko mutum ya yi gyara da hannu a cikin akwatin ya haɗa da bakin gurbin, danna Change yana iya tafiya da gurbin baki ɗaya, kalmar da aka gyara ta zauna a wurin a matsayin rubutu zalla, bayan kulle kuma babu mai iya sake shiga wurin. Shi ya sa nake ƙirga gurabe kafin a fara in sake ƙirgawa bayan kowane ɗaya, in sun ragu a ja da baya har su cika a gaya wa mutum ya gyara wannan da hannunsa. Ba shi da kyan gani amma fom ɗinka ba ya gutsurewa.

Akwai wata hanyar da ni na fi so in gurabe gajeru ne, wadda ba a buɗe kullen ma sam. Kod yana da izinin karanta ff.Result, wato rubutun da ke cikin gurbi, da rubuta shi ko da fom yana kulle, toh sai ka buɗe wata takarda ta wucin gadi da Documents.Add, ka zuba rubutun gurbin a cikinta, ka sa mata harshe, ka kira CheckSpelling a can, ka kwaso abin da aka gyara ka cire alamar sakin layi ta ƙarshe da Word ke ƙarawa, in ya bambanta da na da ka mayar da shi cikin ff.Result, a ƙarshe ka rufe ta ba tare da ajiyewa ba. Babu kalmar sirri a kod, babu NoReset, babu gurbin da zai ɓace. Inda take da iyaka shi ne Result ba ya karɓar rubutun da ya wuce harafi 255 ta kod, zai jefo maka eror 4609 cewa rubutu ya yi tsawo, ko da yake mutum da hannunsa yana iya rubuta fiye da haka a gurbin. Rahoton wata kuwa na san akwai wajen "ƙalubalen da aka fuskanta" da mutum zai cika rabin shafi, saboda haka a naka fom ɗin wancan na sama ya fi dacewa.

Mu koma kwamfutar abokin aikinka. Tambayar farko, ina makro ɗin yake zaune? A tagar kod ka duba gefen hagu, in Module ɗin yana ƙarƙashin Normal ne toh a kwamfutarka kaɗai yake, Normal.dotm, wato tamfilet ɗin da Word ɗin kwamfutarka ke aiki da shi, ba ya bin fayil in ka tura shi, kai kana gani yana aiki shi kuma fom kawai ya samu babu kod. Ka ja Module ɗin zuwa ƙarƙashin sunan takardar. Ta biyu, da wane irin suna ka ajiye? Tun Word 2007 fayil mai ƙarewa da .docx ba ya ɗaukar makro ko kaɗan, Word yakan yi gargaɗi lokacin ajiyewa mutane su danna Yes ba su karanta ba, kod ya zube. Sai .docm, ko mafi kyau .dotm wato tamfilet, wanda duk wanda ya danna shi sau biyu sabon kwafi zai buɗe masa asalin ya zauna lafiya, amma fa a tuna takardar da aka haifa daga tamfilet tana ganin makro ne muddin tana iya kaiwa ga tamfilet ɗin, in aka tura ta wata kwamfutar da babu shi sai a hankali.

Ta uku tsaro. In rawayar sanda ce ta fito a sama, Enable Content ya wadatar. In ja ce mai cewa Microsoft ya toshe makro, wannan tsarin da suka fara a 2022 ne kan fayil ɗin da ya fito daga intanet ko imel, babu maɓallin Enable Content da za a danna a cikin Word, sai a rufe fayil ɗin, a danna masa dama, Properties, a sa tik a Unblock a ƙasa. Don kada a riƙa yin haka kullum ku ware folda guda ku sa ta a Trusted Locations cikin Trust Center. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne Enable all macros, kwamfutar ofis da filashi goma ke shiga kullum ba wurin wannan ba ne. Kuma in abokin naka a waya yake buɗewa ko a Word na cikin burauza, kada ku wahalar da kanku, waɗannan ba sa gudanar da VBA, wato harshen da ake rubuta makro da shi, ko an yi yaya.

In kuma kod ɗin ka tura masa ta WhatsApp ko ka liƙa a takardar Word ya kwafa daga can, ka duba layukan da suka yi ja. Alamar zance miƙaƙƙiya " takan koma lanƙwasasshiya, dogon layi ya karye biyu, shi kuma VBA ba ya yafe wannan. Ka fitar da Module ɗin ta Export File ka ba shi fayil ɗin .bas ya shigo da shi. Wani abu kuma da ya shafe mu, tagar kod ɗin ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, alamar tambaya take mayar da su, shi ya sa ka ga saƙonnin da na rubuta a ciki na kauce musu.

Yadda za a kira makro ɗin ma abin dubawa ne. Da yawa suna sa shi a Run macro on Exit na gurbin ƙarshe, yana aiki, amma sai mutum ya fita daga gurbin da Tab ko ya danna wani gurbin, wanda ya gama rubutu ya wuce kai tsaye ya yi sabin ko firintin bai fita ba, makro bai tashi ba, kuma wanda bai cike gurbin ƙarshen ba ma ko shigarsa bai yi ba. Ni na fi son maɓalli a Quick Access Toolbar, wajen ƙara shi ka zaɓi sunan takardar ko tamfilet ɗin a maimakon For all documents don ya bi fayil ɗin, ka kuma rubuta layi ɗaya a saman fom ɗin cewa a danna shi kafin a tura.

Game da kalmar sirri, in fom ɗinka yana da ita ka sa ta tsakanin alamun zancen SIRRI, kuma ka lura na sa ta a Unprotect da Protect duka biyun, don in ka manta ta biyun fom zai koma kulle ba tare da ita ba kowa ya buɗe. Gaskiya ne duk wanda ya danna Alt da F11 zai gan ta a fili, kana iya kulle kod ɗin ta Tools, Properties na aikin, shafin Protection, zai hana mai leƙe. Amma kada ka ɗauki kullen fom a matsayin tsaro na gaske, fayil ɗin Word na zamani zip ne, kullen layi ɗaya ne a cikin settings.xml, wanda ya san hanya minti biyu ya ishe shi. Amfaninsa hana kuskure da karambani ne.

Ra'ayina kuma in kana so, in fom ɗin nan ya daɗe ana amfani da shi, akwai lissafi a ciki da wasu makro da suka dogara da sunayen gurabe, ka gyara da kod ɗin sama ka ci gaba da harkarka. In kuwa yanzu kake haɗa shi kuma gurabe ba su wuce ashirin ko talatin ba, ni da zan sake shi ne da Content Control daga shafin Developer, in zaɓi takardar duka in danna Group, ko in kulle ta da No changes (Read only) in ware wuraren cikewa in ba Everyone izini. A duka biyun jan layin sifelin yana fitowa da kansa yayin da mutum ke rubutu, fayil ɗin ya zauna .docx, babu jar sanda babu rawaya babu zuwa kwamfuta-kwamfuta ana Unblock. Abin da za ka rasa shi ne Calculate on exit da makro na shiga da fita na tsofaffin gurabe, in kana amfani da su sai an sake rubuta su ta wata hanya, kuma setin manyan baƙaƙen nan yana nan daram a can ma, sai kowa ya cire tik ɗin a kwamfutarsa ko ku hana cikewa da Caps Lock.

Ka fara da NoReset da gwajin manyan baƙaƙen, su biyun minti biyar ne. In bayan ka sa kod ɗin har yanzu yana tirjewa, ka turo min lambar eror ɗin, da layin da ya yi rawaya, da abin da FormFields.Count da ProtectionType suka ba ka, da kuma wane Word ne a kwamfutar abokin naka, 2010 ne ko 2016 ko 365.